Ƙwayoyin da Ke Saura a Durowa Bayan Tiyatar Gyaran Jiki

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau maganarmu a kan tiyatar gyaran jiki ce, irin wadda ake yi wa mutum da safe ya kwana a gidansa: gyaran hanci, rage nono, zuƙe kitse. A Amurka an daɗe ana sallamar irin wannan majinyaci da kwalbar oxycodone ko hydrocodone, magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin tiramadol da kodin, ƙwaya 20 ko 30, don kada ya bugo wa likita waya da tsakar dare.

To, nawa yake sha a ciki? A 2017 mujallar JAMA Surgery ta buga nazarin da ya nuna cewa kashi 42 zuwa 71 cikin 100 na irin waɗannan ƙwayoyi da ake bayarwa bayan tiyata ba a shan su. Suna nan a durowa, kusa da man shafawa da tsofaffin katunan asibiti, inda matashin gidan zai iya kai hannu. A shekarar dai, masu bincike na Jami'ar Michigan suka gano cewa kusan mutum 6 cikin 100 da ba sa shan su kafin aiki, har bayan wata 3 suna karɓa. Abin da ya fi damuna, ƙaramin aiki da babba kusan duk ɗaya ne. Mutum ya zo lafiya lau don a gyara masa hanci, ya koma da jaraba!

Ku da kuka ga abin da tiramadol da kodin suka yi a unguwanninmu, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Ba cewa nake a bar mutum da raɗaɗi ba, wannan zalunci ne. Kafin a ɗinke, a yi allurar kashe wuri mai daɗewa, irin bupivacaine. Sai parasitamol da ibuprofen a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, a kauce wa ibuprofen. Ƙwayoyin nan masu ƙarfi kuma a ba majinyaci 'yan kaɗan, na kwana biyu ko uku.

Sannan ku zauna da majinyaci tun kafin aiki. Ku ce masa: "Za ka ji zafi, kwanakin farko sun fi tsanani, zai sauka." Wanda aka gaya wa haka ba ya firgita ya ninka ƙwaya. Ku tambaye shi ko yana shan maganin barci ko barasa, domin haɗa su da waɗannan ƙwayoyi yana iya tsayar da numfashi. Ranar da ya dawo a duba ɗinki, ku ce ya taho da ragowar.