Mai Kula da Wurin Gini: Me Ake Koya Masa, Kuma a Ina Yake Koyo?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk ginin da kuka gani ya tashi daga harsashi har zuwa rufi, hannaye da yawa ne suka taru a kansa: mai zane ya zana, injiniya ya lissafa nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka, mai ƙididdiga ya fitar da kuɗin kaya da na aiki, sannan birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da leburori suka zuba guminsu. Sai dai a tsakanin takardar zane da bangon da ake ɗorawa akwai mutum guda wanda ba ya riƙe da shebur, amma shi ne ke yanke abin da za a yi yau da abin da za a bari sai gobe, kuma shi za a fara tambaya idan wani abu ya lalace. Wannan mutumin shi ne mai kula da wurin gini, kuma a kan horon da ake ba shi za mu yi bayani a wannan shiri.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan siminti, masarautu suna da Sarkin Magina, wanda ke raba aiki tsakanin masu kwaɓa ƙasa da masu yin tubali da masu ɗora azara, ya kuma san lokacin da bango ya sha iska har zai iya karɓar wani sahu a kansa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai kammala wannan gini don iya ɗora tubali kaɗai ba. Ya kammala shi ne domin ya iya tsara mutane da kaya da lokaci. Abin da ya sauya a yau shi ne kayan aikin. Ginin ƙasa yana nuna alamar gajiya tun da wuri, a gyara shi bayan damina, amma kankare yana ɓoye kuskurensa a ciki, wani lokaci na tsawon shekaru, sai ranar da nauyi ya fi ƙarfinsa.

A Najeriya, hanyoyin shiga wannan sana'a sun kasu. Akwai wanda ke farawa daga kwalejin fasaha, ya koyi ɗora bulo da aikin kankare, ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha ta ƙasa. Akwai wanda ke zuwa makarantar kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, ya yi ƙaramar difloma a fasahar gini ta shekara biyu, ya fita aikin koyo na shekara guda, sannan ya dawo ya yi babbar difloma ta wasu shekara biyu. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ce ke tantance waɗannan kwasa-kwasai. Akwai kuma digirin gini a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Jos. Ɗaliban difloma da na digiri suna bi ta shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, inda ake tura ɗalibi wurin aiki na wasu watanni. Daga ƙarshe, wanda yake son ya amsa sunan ƙwararren magini a gaban doka sai ya yi rajista da majalisar rajistar magina ta CORBON, wadda aka kafa da doka a 1989, yayin da ƙungiyar magina ta NIOB, wadda ta girme ta da shekaru, take shirya jarrabawa da tarukan ƙara wa juna sani.

To, mene ne ainihin abin da ake koyarwa? Darasin farko shi ne karanta zane, kuma ba zane ɗaya ba. Akwai zanen fasalin gini, akwai zanen rodi da ginshiƙai, akwai na wayoyin lantarki, akwai na bututun ruwa, kuma sau da yawa waɗannan takardu ba sa jituwa da juna. Ɗalibi yana koyon ɗora ɗaya a kan ɗaya domin ya gano, tun kafin a haƙa rami, cewa bututun banɗaki zai ratsa ta inda injiniya ya sa katon ginshiƙi. Idan aka gano wannan a takarda, gyaransa waya ce guda zuwa ga mai zane. Idan kuwa sai bayan an zuba kankare aka gano, to za a kawo guduma a fasa, kuma duk wurin da aka fasa a jikin ginshiƙi ba ya komawa yadda yake.

Daga nan sai jadawalin aiki. Ana koya wa ɗalibi ya rarraba aikin gaba ɗaya zuwa ƙananan ayyuka, ya ƙiyasta kwanakin da kowanne zai ci, sannan ya gano waɗanda idan suka yi jinkirin kwana ɗaya, dukkan aikin zai yi jinkirin kwana ɗaya. Wannan lissafi ana yin sa da takarda da fensir, ana kuma yin sa da manhajar kwamfuta irin su Microsoft Project, amma manhaja ba ta san cewa tifar yashi ba za ta iya shiga unguwa ba idan aka yi ruwan sama da dare, ba ta kuma san cewa yawancin leburori za su koma gida shuka da faɗuwar damina ba. Wannan sani a wurin aiki ake samunsa, shi ya sa watannin da ɗalibi yake yi a fili suke da nauyi daidai da shekarun da yake yi a aji.

Bari mu tsaya a kan rana guda, wato ranar zuba dekin, rufin kankare da ake ɗora bene a kansa, domin a nan ne duk abin da aka koya yake bayyana. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, mai kula da wuri yana hawa kan katakon da kafinta ya shimfiɗa, da zanen rodi a hannu ɗaya da tef ɗin awo a ɗaya hannun. Yana duba ko rodin da aka ɗaura shi ne wanda zane ya ce, domin mai milimita 12 da mai milimita 16 suna kama da juna ga wanda bai saba ba, alhali ƙarfinsu ya sha bamban. Yana auna tazarar da ke tsakanin rodi da rodi. Yana sunkuyawa ya leƙa ko an sa ƙananan gutsattsarin kankare da ma'aikata ke kira biskit a ƙarƙashin rodin, waɗanda ke ɗaga shi daga katako domin kankare ya rufe shi ta kowane ɓangare. Idan babu su, rodin zai kwanta a fili, danshi ya same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa dekin daga ciki bayan wasu shekaru. Sannan ya sauko ƙasa ya bi sandunan da suka tokare katakon ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza su, domin ɗanyen kankare yana da nauyi ƙwarai: kowace mita guda mai tsawo da faɗi da zurfi tana kai kusan kilo 2,400.

Da gari ya waye, injin kwaɓa ya tashi, leburori suka jeru da kwanon sarki a ka, sai aikinsa ya koma kan ma'auni. Idan an ce kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, to haka za a yi daga kwaɓin farko har na ƙarshe, ba a ƙara yashi don rana ta yi zafi ko don buhunan sun fara ƙarewa. Babbar jarrabawar da yake fuskanta ita ce ta ruwa. Masu ɗauka sun fi son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin zubawa da bajewa, kuma ba za a zarge su ba, tun da su ne ke hawa da sauka tun safe. Amma duk ruwan da ya wuce kima yana rage ƙarfin kankare har abada. Saboda haka ake koya wa ɗalibi gwajin kauri, inda ake cika wani mazubi mai siffar mazurari da kankare, a ɗaga shi, a auna yadda kwaɓin ya zauna. Ana kuma ɗiban samfuri a zuba a ƙananan akwatuna masu milimita 150 ta kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a matse su da inji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, wanda shi ne lokacin da ake ɗaukar kankare ya kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Aikin bai ƙare da zubawa ba. Mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali ruwa ne ke haɗuwa da siminti ya samar da ƙarfin, don haka dole a riƙa ba shi ruwa na aƙalla mako guda. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ko a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tsotse danshi, dekin da aka bari ba ruwa zai tsattsage tun kafin a cire katako. Cire katakon ma yana da lokacinsa. Kafinta zai so ya kwashe kayansa da wuri domin wani aiki na jiransa, mai gida kuma zai so ya ga an fara ɗora bulon sama, kuma mai kula da wuri ne kaɗai zai tsaya ya ce sandunan nan ba za a taɓa su ba sai sun cika kwanakin da injiniya ya ƙayyade.

A ganina, wannan tsayawar ita ce zuciyar horon gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi wuyar koyarwa. Matashi ɗan shekara 25 da ya fito daga makaranta zai tarar da birkilan da ya kai sa'an mahaifinsa, wanda ya shekara 30 yana gini, kuma zai zama dole ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, wannan bangon ya karkace, sai an sauke shi." Zai kuma tarar da mai gida ko ɗan kwangila yana cewa a rage rodi domin farashi ya tashi. Kyakkyawan horo yana ba shi abin dogaro a irin wannan hali, wato hujja da rubutu. Ana koya masa ajiye littafin wurin aiki, inda kullum zai rubuta adadin ma'aikata, kayan da suka shigo, yanayin sama, umarnin da aka ba shi da wanda ya bayar. Ana koya masa cewa duk sauyin da za a yi wa zane sai ya zo a rubuce da sa hannun wanda ya yi zanen. Wanda ke da wannan littafi yana iya cewa a'a cikin ladabi, ba tare da rigima ba, domin ba ra'ayinsa yake karewa ba.

Abin da ke faruwa idan aka rasa wannan tsari sananne ne. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rufta, ya hallaka mutane fiye da 40, akasarinsu ma'aikatan da suka fito neman abincinsu. Najeriya tana da Kundin Dokokin Gini na Ƙasa tun 2006, wanda ya tanadi cewa a sami tsarin aiki da na tabbatar da inganci da na kare lafiyar ma'aikata kafin a fara gini, kuma jihohi suna da hukumomin ba da izini, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Amma jami'in hukuma yana zuwa ne ya duba ya tafi, shi kuwa mai kula da wuri yana nan daga safe har yamma.

Kare lafiyar ma'aikata ma darasi ne mai zaman kansa, kuma ya wuce raba hular kwano da takalmi. Ya haɗa da tokare gefen rami mai zurfi don kada ya rufta kan masu haƙa, da kafa tsani da dandamalin hawa masu ƙwari, da nisantar da rodi daga wayar lantarkin da ta bi ta saman fili. Haka nan ana koyar da sanin ƙasa da ajiyar kaya: ƙasar firgi da ake samu a sassan Borno tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka harsashin da ya yi daidai a jigawa ba zai yi a can ba, siminti kuma ana jera shi ne a kan katako nesa da bango, a fara amfani da wanda ya fara shigowa, domin buhun da ya sha danshi ya daskare ya riga ya rasa ƙarfinsa.

Saura magana a kan waɗanda ba su bi ta makaranta ba, kuma su ne mafi yawa a wuraren gininmu. Akwai helima da ya fara daga ɗaukar kwanon sarki, ya zama birkila, yau kuma shi ke tafiyar da aikin bene mai hawa biyu, ya san kwaɓi da ido, amma ba ya iya karanta zanen rodi kuma ba shi da takardar da zai nuna. Ba daidai ba ne a ture irin wannan mutum gefe, kuma ba daidai ba ne a bar shi da abin da ya gada kawai. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da gwajin sana'a mai mataki uku, sannan NBTE tana gudanar da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, wanda a cikinsa mai tantancewa yake zuwa ya ga mutum yana aiki da hannunsa, ya auna abin da ya riga ya iya, a ba shi shaida a kan haka, a kuma nuna masa inda yake da giɓi domin ya cike. Wanda ke son bin wannan hanya zai iya farawa da tuntuɓar ofishin ITF ko makarantar kimiyya da fasaha mafi kusa da shi, ya tambayi cibiyoyin da aka amince su yi tantancewar, kuma ya fara tara hotuna da bayanan ayyukan da ya jagoranta tun yanzu, domin da su za a fara duba shi.