Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Ƙwadago A Ziyararsa Ta Sharaɗa, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin masu ƙananan masana'antu na Sharaɗa da ma'aikatansu muna yi maka lale marhabin da kai da tawagarka. Girmanka da kishinka ga talaka ba sai mun tsaya faɗa ba, kowa ya shaida, shi ya sa ma muka samu ƙarfin halin kawo kukanmu tun daga farko: a ɗaga wa duk mai masana'antar da ya yarda ya mayar da leburorinsa cikakkun ma'aikata ƙafa na shekara 3. Wannan ne ya tara mu yau.

Ranka ya daɗe garin nan ba baƙon sana'a ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ake rini a karofin Ƙofar Mata, fatar da majemanmu suka jeme har tsallaka Sahara take yi, daga baya jirgin ƙasa ya iso aka yi dalar gyaɗa da duniya ta sani. Iyayenmu sun ga lokacin da Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki dare da rana, in aka tashi daga aiki kekuna sai sun cika titi maƙil. Yau da yawan gine-ginen nan sun zama sito ana jibge kayan waje a ciki, abin da ciwo wallahi.

Mu fa ba ma faɗa da doka. Da aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024 daga 30,000 na 2019, babu wanda ya ce ya yi yawa, duk mai zuwa kasuwa ya san bai ma isa ba. Matsalar ita ce yadda nauyin ke faɗowa gaba ɗaya. Dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, daga ya kai kuwa ta kama shi, ga kashi 10 na fansho da yake zubawa tun yana da mutum 15, ga kashi 1 na NSITF, wato asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ga kashi 1 na ITF, wato asusun horar da ma'aikata, sannan ga wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wa lantarki, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 ga kuma dizal. To sai mutum ya tsaya a 24 a takarda, sauran ya ɗebo su ta hannun ejan a biya su kullum-kullum. Inji yana nan, aiki yana nan, amma ana tsoron ɗaukar mutum na 25.

Yaran nan su ne ke shan wahalar. Doka ta ce cikin wata 3 a ba ma'aikaci takardar ɗaukar aiki, su ko sai su shekara biyar babu ko ƙyalle, ranar da inji ya ci yatsan yaro a sallame shi da kuɗin magani kawai tunda sunansa ba ya ko'ina balle a yi maganar diyya. 'Ya'yanmu ne, da su muke sallah a masallaci ɗaya.

Don haka muna sake roƙo, don Allah ranka ya daɗe, gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin NSITF da ITF na duk sabon ma'aikacin da aka yi wa rajista har shekara 3, kason fanshon kuma a bari a shiga da shi mataki-mataki. Mu kuma mun yi alkawarin buɗe littattafanmu a duba. Muna kuma so sufetocin ma'aikatarka su riƙa zuwa duba lafiyar inji da ba da shawara kafin a kai ga tara, sannan ka taya mu tuna wa abokan aikinka batun bututun gas na AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Amma in ɗaya za a yi mana, to sassaucin shekara 3 ɗin nan ne, a kai shi gaban Shugaban Ƙasa da Majalisa tun kafin kasafin kuɗi mai zuwa.

Allah ya ƙara girma, Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin masu masana'antu da ma'aikatan Sharaɗa.