Jawabin Maraba ga Shehin Malamin Ilimin Taurari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babban baƙonmu, Allah ya gafarta Malam, shugaban makaranta, iyayenmu da suka samu halarta, malamai 'yan'uwana da ɗalibai. A madadin ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wannan makaranta, ina yi wa Shehin Malami lale marhabin da zuwa Kaduna garin gwamna. Sannu da hanya.

Tun da yaran nan suka ji cewa kan fashewar taurari za ka yi magana, ba su bar mu mun huta ba. Wata 'yar aji biyu ta tare ni a bakin ofis, wai ita ma rana za ta fashe? Na ce mata rana ba ta kai ba, sai tauraron da ya ninka ta nauyi kamar sau 8 zuwa sama. Shi ne ke cin makamashinsa har cibiyarsa ta koma ƙarfe, sai wuta ta ƙare masa, ya rufta ciki, sannan ya tarwatse.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ratsa ni shi ne mutanen zamanin da sun ga fashewar taurari da ido. A shekarar 1006, Ali bin Ridwan na Masar ya ga wani sabon tauraro, daga baya ya rubuta cewa ya ninka Zara girma. A 1054 kuma masanan ƙasar Sin sun yi kwana 23 suna ganin wani da rana tsaka, kuma burbushinsa yana nan har yau, a buruji ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta. Ƙarfen da ake bugawa a Panteka, da wanda ke cikin jininmu, daga irin waɗannan taurari ya fito, cikin ikon Allah. Ranar da na faɗa wa aji haka, sai da kowa ya yi tsit.

Kokenmu ɗaya ne. Babu ɗaya cikin yaran nan da ya taɓa ɗora ido a kan madubin hangen taurari, a littafi kawai suke ganinsa. Muna roƙon Malam ya shige mana gaba mu samu ko da ƙarami ne, mu riƙa fita fili da dare idan hazo ya lafa.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, Malam, yara suna sauraro.