Nisan Gida da Wurin Neman Abinci a Bauchi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Duk wanda ya tsaya bakin titin Jos wajen Miri da sassafe zai ga abin da ya sa muka ɗauko wannan batu. Ga mai kayan miya da kwandonsa, ga birkila da cokalinsa a buhu, kowa na ɗaga wa Keke hannu. Hawa ɗaya ya shigar da su gari, wani hawan ya kai su kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Kafin a yi cinikin fari, an riga an gutsuri ribar yini.

Da can a cikin ganuwa, kasuwa da masallaci da maƙera da makarantar allo duk tafiyar ƙafa ce. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 take ta miƙewa ta hanyoyin Jos, Gombe, Ningi da Dass, amma manyan kasuwanni da ma'aikatu suna nan tsakiya.

Nisan nan kuwa ba ɗaya yake ga kowa ba. Mai hali da ya yi gini a bayan gari, shi ya zaɓa, ga motarsa. Talaka kuwa kuɗin haya ne ya tura shi can. Daga 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin hawa ya shiga gogayya da kuɗin cefane.

Masana tsara birane na ba da shawarar a dunƙule gari, gida kusa da wurin aiki. Shawara ce mai kyau, sai dai in an gyara tsakiyar gari ba a tanadi gidan haya mai sauƙi ba, fili zai yi tsada, mai kuɗi ya matso, talaka ya ƙara nisa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne filayen cikin gari da aka zagaye da katanga shekara da shekaru, ba gini sai ciyawa. Muna kira ga hukumomin filaye su sa a gina su, har da benayen haya daidai aljihun ƙaramin ma'aikaci. In kuma za a yanka sabuwar unguwa a Inkil ko Tirwun, a fara ware filin kasuwa da makaranta da asibitin sha-ka-tafi kafin a sayar da fuloti ko ɗaya.