Sharhi: A fara da lakar ƙasan teku

Masu saurare, sharhin namu na yau daga nan Jos zai gangara har bakin teku. Kada wani ya ce ina ruwan ɗan tsauni da teku. Kogin Kaduna daga wannan tsauni namu yake tasowa, ya faɗa Neja, Neja kuma ya kai kayansa Tekun Atlantika. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gonakinmu, wani abu daga cikinsa can yake ƙarewa.

A cikin lakar da ke ƙasan ruwan bakin teku akwai wasu halittu da ake kira foraminifera. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba, amma kusan kowanne da ɗan ƙwansonsa. Ba ko'ina suke zama ba. Gishirin ruwa, da yawan iskar oksijin, da ko ƙasan yashi ne ko taɓo, su ke raba musu mazauni. A tafkin Legas, da damina Kogin Ogun yakan turo ruwan daɗi gishiri ya ragu, da rani teku ya dawo da shi. Masu jure wannan sauyi, irin su jinsin Ammonia, su ke rayuwa a irin wannan ruwan zartsi. A fadamun Neja Delta kuwa, inda ruwa ke da tsami yana cin ƙwanso, masu liƙa ƙwayoyin yashi su gina nasu gida ne ke daɗewa.

To idan taki da ƙazantar gari suka yi yawa fa? Gansakuka ta yi ta tofo, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye oksijin. Sai jinsunan foraminifera da yawa su ɓace, 'yan kaɗan su mamaye wurin, wasu ma a gan su da ƙwanso a karkace. Tun kifi bai fara tasowa matacce ba, laka ta riga ta nuna.

A 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku a Abuja, ana ta batun tashoshin jiragen ruwa da kuɗin shiga. Madalla. Amma cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas tana nan tun 1975. A ba ta kuɗi da kayan aiki ta riƙa ɗibar laka tana aunawa damina da rani, a kuma karanta wa jama'a sakamakon.