Layi ɗaya a rajistar albasa: yadda ake tsara rikod a ƙamus na bayanai

Wani malamin kwamfuta ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai a Tawa, aka naɗe ta a waya, aka maida ta rubutu.

Assalamu alaikum. Ƴan uwa ɗalibai, ku rufe kwamfutocin tukuna, yau da allo da alli za mu fara.

Ku ƙaddara wata ƙungiyar manoman albasa daga wajen Galmi ta kawo maku tsohuwar rajistarta, ta ce a saka a kwamfuta. Kowane layi yana ɗauke da sunan manomi, ƙauyensa, yawan buhunan da ya kawo, da kuɗin da aka biya shi. Wannan layi ɗaya shi ne rikod, kowane rami a cikinsa kuma gurbi ne. Ƙamus na bayanai shi ne inda ake rubuta, sau ɗaya tak, sunan kowane gurbi, ko harafi yake ɗauka ko lamba, tsawonsa, da abin da yake nufi. Duk manhajar da za ta taɓa rajistar, daga nan take ɗauko siffar.

Abin ya daɗe. COBOL, harshen rubuta manhaja da aka tsara a 1959, yana sa lamba 01 a kan rikod gaba ɗaya, ƙananan gurabe su biyo a ƙarƙashi da 05 ko 10, kamar mai gida da iyalinsa. In ka ga PIC X(20), haruffa 20 ake nufi. Daga baya kamfanin DEC ya yi wa injunansa na VAX ƙamus mai suna CDD da harshensa CDDL: ka buɗe da DEFINE RECORD, ka jera gurabe cikin STRUCTURE, sai mai COBOL da mai FORTRAN, wani harshen manhaja, su sha daga rijiya ɗaya. CSPro ma, manhajar da ake aikin ƙidaya da ita a ƙasashen Afirka da yawa, sai ka gina ƙamus kafin ta ba ka fom.

To, haddar waɗannan kalmomi aikin mako ɗaya ne. Wuyar tana wajen sanin mutanen da kake rubutawa.

Mu ɗauki gurbin kuɗi. A kasuwa wa ke cewa faran ɗari? Dala ashirin muke cewa, don dala faran 5 ce, jika kuma 1000. Na taɓa duba wata rajista da magatakarda biyu suka cika, ɗaya yana rubuta dala, ɗaya faran. Manomi ya karɓi jika goma, wannan ya sa 2000, wancan zai sa 10000, kuma kowannensu gaskiya ya rubuta. Da aka tashi lissafin ƙarshen shekara, sai zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka girma tare. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin jimla ɗaya a ƙamus, cewa wannan gurbi faran ne, ta isa ta hana wannan ɓacin rai. Buhu ma haka: wane buhu, babba ko ƙarami?

Sai ranar haihuwa. Da yawa daga iyayenmu, takardunsu «né vers 1960» suka ce, wato wajajen 1960. In ka tilasta rana da wata, mai shigarwa zai cika da 1 ga Janairu don ya wuce, sai ka tarar da rabin dattawan ƙauye an haife su rana ɗaya. Raba gurbin uku: shekara dole, wata da rana in an sani, ka ƙara alamar cewa kintace ne. Shekarar kuma lamba huɗu. Tsumulmular lamba biyu ce ta sa duniya ta kashe maƙudan kuɗi gyaran manhajoji gab da shekarar 2000.

Wani daga baya yana tambayar lambar waya. Madalla. Lambobinmu na Nijar 8 ne, da +227 a gaba. Ka ba ta gurbin rubutu, tunda ba wanda zai tara lambar wayarka da tawa, gurbin lissafi kuma zai watsar da alamar +.

Haruffanmu fa? A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci, bayit kuwa shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta. In tsawon gurbinka da bayit ake auna shi, Birnin Ƙonni ta fi yadda ido ke ƙirgawa, sai a datse wutsiyar sunan. Ku rubuta a fili: haruffa ko bayit.

Kuma gurbin da aka bari fayau daban yake da sifili. Wanda bai kawo albasa ba bana, da wanda aka manta ba a tambaye shi ba, kada su zama ɗaya a rajistarku.

Aikin mako: kowa ya je wurin mai shago ko mai awon hatsi a unguwarsu, ya nemi izini cikin ladabi ya duba shafi ɗaya na littafinsa, ban da sunayen mutane. Ku kawo mini ƙamus ɗinsa ranar Litinin, rubuce da hannu.