Sharhi: Barry Marshall da ƙwayar cutar gyambon ciki

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau a kan Farfesa Barry Marshall ne, likitan ciki da hanji ɗan ƙasar Ostireliya, wanda bincikensa ya sauya yadda ake jinyar gyambon ciki, wato olsa, a duniya baki ɗaya.

Kafin shekarun 1980, abin da ake koya wa ɗaliban likita shi ne damuwa da yaji da yawan ruwan tsamin ciki su ke kawo gyambo, kuma babu ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa a tumbin ɗan Adam. Sai a ba majinyaci maganin rage tsami, ya samu sauƙi, da ya daina sha ciwon ya dawo. Wasu har sai an yanke musu wani sashe na tumbi.

A 1979 wani likitan ɗakin gwaje-gwaje a asibitin Royal Perth da ke Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyin bakteriya a ƴan tsokokin da ake gutsirowa daga tumbin majinyata. A 1981 Marshall, yana likita mai neman ƙwarewa, ya haɗu da shi. Suka duba mutum 100 da aka zura wa na'urar haska ciki. Su 13 da ke da gyambo a bakin ƙaramin hanji, duk cikinsu babu wanda ba ya ɗauke da ƙwayar.

Raino ƙwayar a ɗakin gwaji shi ya ba su wahala, kuma dalilin abin lura ne. Ƙa'idar ɗakin ita ce a zubar da farantin da bai nuna komai ba bayan kwana biyu, ita kuwa wannan ƙwaya girmanta a hankali ne. Sai da hutun Ista na 1982 ya sa aka bar farantai kusan kwana biyar, sannan ta bayyana. Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba, suka ce ganin ƙwaya kusa da gyambo bai nuna ita ta haddasa shi ba. Gwaji a kan aladu bai yi nasara ba. A 1984 Marshall ya sa aka haska cikinsa, aka tabbatar lafiya lau yake, sannan ya shanye ƙwayar da aka raino daga wani majinyaci. Cikin ƴan kwanaki amai ya kama shi, a kwana na goma aka ga tumbinsa ya kumbura. Gyambo bai fito masa ba, amma ya tabbatar ƙwayar tana iya kama lafiyayyen ciki ta lalata shi.

Ƙwayar, wadda aka raɗa wa suna Helicobacter pylori a 1989, tana fitar da wani sinadari da ke mayar da yuriya, wani sinadarin da jiki ke samarwa, zuwa amoniya, wadda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ƙwayar. Wannan dabara tata Marshall ya yi amfani da ita wajen samar da gwajin gaggawa na tsokar tumbi da gwajin numfashi. A 1994 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka amince a riƙa ba masu gyambo maganin kashe ƙwayar, a shekarar kuma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi. Marshall da Warren sun karɓi kyautar Nobel a 2005.

To, ina muka kwana a nan gida? Binciken da aka yi a Borno a farkon shekarun 1990 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna ɗauke da alamar ƙwayar, ko da yake yawancin masu ita ba sa yin gyambo. Amma har yau da zarar ƙirji ya yi zafi sai a ce olsa ce, a wuce kemis a sayi omeprazole, maganin rage tsami, a yi ta sha shekara da shekaru.

Jinyar gaskiya ita ce maganin rage tsami safe da yamma, haɗe da magungunan kashe ƙwaya aƙalla biyu, na tsawon kwana 14, bisa umarnin likita. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ji sauƙi a kwana na biyar ya ajiye magani, ko ya sha guda ɗaya kaɗai, sai ƙwayar ta bijire. Yawan shan Flagyl, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayar, barkatai ya ƙara dagula lamarin. Gwajin jini kuma ba ya bambance tsohon kamu da wanda ake ciki, don haka gwajin bahaya ko na numfashi ya fi. Shi ma sai an dakatar da omeprazole mako biyu, maganin kashe ƙwaya mako huɗu, in ba haka ba sakamakon ya nuna babu alhali akwai. Bayan an gama jinya da mako huɗu a sake gwadawa.

Kada kuma a manta da diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda manoma da ƴan dako ke sha don gajiya, domin su ma suna huda ciki ko babu ƙwayar. Wanda ya ga baƙin bahaya, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko wahalar haɗiya, asibiti zai nufa a haska cikinsa ba tare da jinkiri ba.